Nawa ne iyakar gudu a cikin garin Kano, kuma yaya kyamara ke gane mai gudu?

Abba_Gwale:
Assalamu alaikum jama'a. Wani ɗan ɗakinmu da ke neman kuɗi a Legas ya kira ni ransa a ɓace, wai saƙo ya shigo masa a waya an ci shi tarar naira 50,000 saboda gudu. Ba wanda ya tsayar da shi, ba wanda ya karɓi takardunsa, kyamara ce kawai ta ɗauke shi. Tambayata biyu ce. Ta farko, yaya ake yi kyamara ta san gudun da mota take yi, tunda hoto abu ne tsayayye? Ta biyu, mu nan Kano nawa ne iyakar gudun da doka ta yarda da shi, a ce titin gidan Zoo ko titin BUK? Ni dai a ganina da za a kafa irin wannan na'urar a manyan titunanmu, da an samu sauƙin kaɗe mutane da ake yi. Masu sani a taimaka.

Sani_Kurna:
Wa alaikumus salam. Tambayarka ta biyu ta fi damuna. Yawancinmu da ke tuƙi a garin nan a hannun yayye da iyayen gida muka koyi mota. An nuna mana giya da kuloci da ribas, amma ba wanda ya taɓa ce mana ga iyakar gudu.

Malam_Nasiru_Dorayi:
Koyar da tuƙi ce sana'ata, bari in amsa ta biyun. A dokar hanya ta ƙasa, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta FRSC ke aiki da ita, ƙaramar motar gida kilomita 50 a awa ɗaya ce iyakarta a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya irin ta Kano zuwa Zariya. Tasi da bas na haya 50 a gari, 80 a babbar hanya, 90 a tagwayen hanya. Tirela da tanka 45 a gari, 50 a babbar hanya, 60 a tagwaye. Babur 50. Saboda haka Malam Abba, titin gidan Zoo da titin BUK duk cikin gari ne, 50 ce iyakarka, sai dai in an kafa allo da ya faɗi wani abu daban. In akwai allo, allon ake bi.

Sani_Kurna:
Tirela 60 a hanyar Zariya? Malam, wallahi ina kan 100 tirela ta wuce ni a wajen Kura.

Malam_Nasiru_Dorayi:
Na yarda da kai. Abin da doka ta ce na faɗa, ba abin da ake yi ba.

Injiniya_Hotoro:
Malam Abba, kyamarar ba ita ke auna gudun ba. Aikinta ɗaukar hoton lambar mota. Akwai wata na'ura a jikinta ko a ƙasan kwalta da ke yin awon, in ta ga an wuce iyaka sai ta umarci kyamarar ta ɗauka.

Wadda aka fi amfani da ita ita ce rada. Tana aika igiyar rediyo zuwa kan titi, igiyar ta daki mota ta dawo. In motar tana tahowa, igiyar da ta dawo takan matse; in tana tafiya, takan saki. Gwargwadon wannan canjin, gwargwadon gudun motar. Kowa ya san abin a kunnensa: ka tsaya a bakin titin Haɗeja tirela ta taho tana hon, za ka ji ƙarar ta yi tsini, da ta wuce ka sai ka ji ta yi kauri, alhali direban bai canja hon ba. Rada ita ma wannan bambancin take ƙirgawa, kuma kafin ƙiftawar ido ta gama lissafi.

Akwai mai amfani da hasken leza, wanda ido ba ya gani. Ita tana harba ɗigon haske ne sau da yawa a jere, tana auna lokacin da kowanne ya ɗauka ya je ya dawo. Da haka take sanin nisan motar a kowane harbi, kuma yadda nisan ke raguwa shi ne gudun. Haskenta siriri ne, shi ya sa jami'i zai iya saita ta a kan mota ɗaya tak a cikin cunkoso.

Sai kuma wadda ake binne wayoyi a cikin kwalta, biyu ko uku, da tazarar da aka sani. Mota ta taka ta farko, ta taka ta biyu, a raba tazarar da lokacin, an samu gudu. Asalin abin ma da haka ya fara. Wani ɗan tseren mota ɗan ƙasar Holan, Maurice Gatsonides, shi ya ƙera ta don ya auna gudunsa a lanƙwasar hanya ya ƙara sauri, daga baya ya kafa kamfani a 1958, 'yan sanda suka zama masu sayen kayansa. Har yau a Ingila akwai kyamarorin da ake kira da sunansa, Gatso. Irinsu sukan ɗauki hoto biyu a jere, kuma akwai fararen layuka da aka zana a kan kwalta, don a duba layi nawa motar ta tsallake tsakanin hoton farko da na biyu. Wannan ne shaida ta biyu in mutum ya yi musu.

Abba_Gwale:
Allah ya ƙara basira Injiniya. To yaya ake sanin mai motar har a turo masa saƙo?

Injiniya_Hotoro:
Kwamfuta ce ke karanta lambar daga hoton, ta nemo ta a rumbun rajistar motoci, inda sunan mai ita da lambar wayarsa suke. Da daddare ma tana gani, domin lambar mota tana mayar da haske, kuma akwai fitilar da ke haska ta ba tare da direba ya lura ba.

Hajiya_Binta_Tarauni:
Abin da ɗan ɗakinku ya faɗa gaskiya ne. A watan Fabrairun 2025 gwamnatin Legas ta sanar da kafa su. A Alapere iyaka 80 ce, a titin Mobolaji Bank Anthony 60. Tarar gudu naira 50,000, ta tsallake jar danja 20,000. Sai dai a kula, ɓarayin intanet su ma sun iya tura irin wannan saƙon. Kada kowa ya danna abin da aka turo masa ya zuba kuɗi sai ya tabbatar daga hukuma ne.

Bash_Fagge:
Mu da muka zauna a Saudiyya mun san wannan tun tuni. Sunanta Sahir, a 2010 aka fara ta a Riyad. Kana wucewa za ka ga walƙiya, kafin ka isa gida saƙo ya riga ka. Kuma ba zancen roƙo, ba zancen "ka san ko ni wane ne". In ba ka biya ba, ranar da ka je sabunta takardun mota za ka tarar da ita tana jiranka. Na ga mutanen da a nan gida ba sa jin magana, a can sun zama masu ladabin tuƙi.

Direban_Zariya:
Ku yi haƙuri in shigo, ni a kan hanya nake kwana nake tashi. Duk direban da ke bin hanya kullum, cikin sati ɗaya zai haddace inda kyamara take. Yana zuwa wajen sai ya taka burki, yana wucewa ya mayar da ƙafarsa kan totur. Haka muke yi wa shingen jami'ai, har fitila muke kunna wa juna. Baƙo kawai za ta riƙa kamawa. Kuma wannan burkin na farat ɗaya shi kansa haɗari ne ga na bayanka.

Injiniya_Hotoro:
Oga direba, maganarka haka take a kan kyamarar wuri ɗaya, shi ya sa aka fito da wata dabarar. Ana kafa kyamara biyu da nisa a tsakaninsu. Ta farko ta rubuta lambarka da lokacin da ka wuce, ta biyu ma haka. A ce tazarar kilomita 10 ce kuma iyaka 100: bai kamata ka iso ƙasa da minti 6 ba. In ka iso a minti 5, ka yi 120 ke nan, ko da a gaban kowace kyamara rarrafe ka yi. Ingila da Italiya sun daɗe suna amfani da wannan. A ganina ita ce ta dace da hanya irin ta Na'ibawa zuwa Kwanar Dawaki.

Direban_Zariya:
To wannan kam ba ta da magani sai bin doka. Amma ku tambayi abin da ke sa mu gudun. A tasha layi ake bi, wanda ya riga dawowa shi zai riga yin lodi. Mai mota yana jiran balas ɗinsa da yamma, bai san tsadar mai ba, bai san faci ba. Fasinja kuma in ka tafi a hankali shi zai fara ce maka "direba ko ba ka karya ba ne?" Ga wasu hanyoyin da ba wanda ke son magariba ta same shi a kansu saboda rashin tsaro. Ban ce gudu daidai ba ne, na binne abokan sana'a da yawa. Amma in za a ci tara, a duba tasha da masu motoci su ma.

Malam_Nasiru_Dorayi:
Oga, mu yi lissafin abin da gudun ke saya maka. A ɗauka tafiyar kilomita 150 ce. A kan 100 minti 90 ce, a kan 120 minti 75. Minti 15 ka ci, ga man da ka ƙona ya fi yawa. A cikin gari kuwa ribar ba ta kai a faɗa ba, domin danja ko cunkoso zai tara ku a wuri ɗaya da wanda ka wuce. Kuma ai tun 2016 FRSC ta fara matsa wa motocin haya su sa na'urar taƙaita gudu, a farkon 2017 ta fara kamu a kai. Ina aka kwana?

Direban_Zariya:
Wasu sun sa, wasu sun sa sun cire. Akwai masu wayarin da wannan ne abincinsu.

Maman_Ilham:
Ku maza duk maganar mota kuke yi, ni bari in yi ta mai tafiya a ƙasa. Kullum da safe ni nake tsallakar da yarana titin Katsina zuwa makaranta. Ƙaramar a goye, biyu a hannu, jakunkunansu a kafaɗata. Sai mu tsallake rabi mu tsaya a kan dakalin tsakiya, iskar motoci tana kaɗa mini hijabi, yaran sun ƙanƙame ni. Wani lokacin sai wani dattijo mai sayar da goro a bakin titin ya taso ya ɗaga hannu, sannan a samu mai tausayin da zai rage gudu. In na farko ya tsaya, na layi na biyu ba ya tsayawa, kuma shi ne abin tsoron domin ba ka ganinsa sai ya iso. Bara a gabana aka kaɗe wani yaro almajiri, robar bararsa ta yi gefe, takalminsa ɗaya a tsakiyar titi. Mai motar ya tsaya, yana ta salati yana cewa bai gan shi ba. Na yarda bai gan shi da wuri ba, amma da a hankali yake tafiya ai da ya iya tsayawa. Ni ko kyamara ce, ko tudun rage gudu, ko gadar tsallakawa, a yi mana wani abu.

Hajiya_Binta_Tarauni:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaron ya rayu kuwa?

Maman_Ilham:
Da ransa aka tafi da shi asibiti Hajiya. Daga nan ban sake jin labarinsa ba.

Injiniya_Hotoro:
Maman Ilham ta taɓo abin da mutane ba su gane ba. Daga lokacin da idonka ya ga yaro zuwa lokacin da ƙafarka ta hau burki, daƙiƙa ɗaya ta wuce, in ma hankalinka na kan titi ke nan. A kan 50, cikin wannan daƙiƙar ka ci kusan mita 14, burki kuma ya ci wata 14 a busasshiyar kwalta da taya mai kyau. Ka tsaya a wajen mita 28. A kan 80, daƙiƙar farko kaɗai mita 22 ce, burki kusan 35, jimilla kusan 57. Ga abin da ya kamata kowa ya riƙe: a daidai wurin da mai 50 ya tsaya cak bai taɓa yaron ba, mai 80 zai iso yana kan fiye da 70. In gudu ya ninka biyu, nisan burki sau huɗu yake ninkawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce haɗarin mutuwar wanda mota ta kaɗe yana ninkawa fiye da sau huɗu daga gudun 50 zuwa 65, shi ya sa ake kiran a mayar da gaban makarantu da kasuwanni 30.

Auwal_Rijiyar_Lemo:
Ni fa ina ganin komai lokaci ne. In ajali ya yi kira, ko a kan 20 kake sai ka tafi. Mutum nawa suka mutu a kan gadonsu?

Ustaz_Kabir_Sharaɗa:
Ɗan'uwa Auwal, ajali gaskiya ne, ba musulmin da ke musunsa. Amma Manzon Allah (SAW) ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Kuma a nan ba ranka kaɗai ake magana ba, akwai na fasinja da na mai tsallaka titi. Wanda ya kashe rai bisa kuskure ma shari'a ta ɗora masa kaffara, ta wajabta diyya, ina ga wanda aka ce masa 50 ya yi 100 a tsakiyar mutane? Ina roƙon limamanmu su riƙa taɓo wannan a huɗuba, musamman tuƙin gangancin da samari ke yi a rakiyar amarya da ranakun sallah.

Auwal_Rijiyar_Lemo:
Allah ya saka da alheri Ustaz. Na rakiyar amarya kam ni ma ba na goyon baya.

Bakanike_Ƙofar_Ruwa:
Akwai abin da ba wanda ya ambata, kuma kullum ina ganinsa a gareji. Motoci da yawa da ake shigo da su daga Amurka malejinsu da mil yake ƙirga, manyan lambobin mil ne, kilomita kuma ƙanana a ciki. Mutum zai ga allura a kan 60 ya ɗauka yana tafiya a hankali, alhali yana kan kusan 97. In ta kai 80, yana dab da 130. Wani Alhaji ya kawo mini motarsa yana cewa ba ta da ƙarfi, da ƙyar take kai 90 a hanyar Wudil. Da na nuna masa ƙananan lambobin sai ya yi shiru. Mai irin wannan motar ya riƙe: 50 ta cikin gari ita ce 31 a malejinsa, 100 kuma 62.

Sannan masu canja taya su sa babba don mota ta ɗaga, ku sani malejinku zai riƙa nuna ƙasa da ainihin gudunku. Wasu kuma malejin ya mutu shekara da shekaru ba su gyara ba. Irin waɗannan in kyamara ta zo za su rantse da Alƙur'ani ba su yi gudu ba, kuma a zuciyarsu gaskiya suke faɗa.

Sani_Kurna:
Wannan bayanin ya fi komai amfani a wajena. Yanzu zan fita in duba tawa.

Barista_Zainab:
Ina goyon bayan a kafa, amma da sharuɗɗa, kuma sharuɗɗan nan ba ado ba ne. Kafin a ci mutum tara sai an sanar da shi iyaka. Ba adalci ba ne a ɓoye na'ura a titin da ba allo ko ɗaya. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi, saboda haka dole a samu inda mutum zai je ya ga hoton, ya ce ba motata ba ce, ko na sayar da ita. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 kuma ya ce shaidar da ta fito daga kwamfuta sai an nuna na'urar tana aiki daidai a lokacin. Ke nan sai an riƙa gwada ta ana saita ta lokaci zuwa lokaci, da takarda. Ga kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023: na'urar da ke rubuta inda kowace mota ta wuce da lokacin, dole a san wa ke riƙe da bayanan da abin da zai yi da su.

Alhaji_Dillali:
Barista, zancen "na sayar da ita" shi ne babbar matsalar. Sana'ata ke nan, na sani. Mota takan wuce hannu huɗu ko biyar, takardunta na ɗauke da sunan mutumin farko. Takardar ciniki kawai ake rubutawa a shago, shaidu biyu su sa hannu, shi ke nan. Motar da ke yawo a Kano da lambar Legas ko Abuja ba ta ƙirguwa. To saƙon tara wayar wa zai shiga? Wani bawan Allah da ya rabu da motar shekara shida ke nan.

Bash_Fagge:
Alhaji, ai wannan da kansa zai gyaru. Ranar da tara ta fara zuwa wa mai sayarwa, ba zai sake miƙa mukulli ba sai an canja suna.

Murtala_ƊanSahu:
Ni tsorona ɗaya ne, abin ya ƙare a kanmu. Mu 'yan adaidaita muna da lamba a gaba, lamba a baya, lamba a jiki, ba inda za mu ɓuya. Amma manyan motoci masu baƙin gilas da suke rufe lambarsu da leda ko fata fa? Da waɗanda ba su da lamba sam? Da jerin gwanon manya masu jiniya? Su ne fa masu gudun gaske. Mashin ɗina in na matsa masa da fasinja uku da ƙyar yake wuce 50. In na'urar nan za ta kama mai babbar riga kamar yadda za ta kama ni, ina maraba da ita, domin ko ba komai ba za ta ce in ba ta na shayi ba.

Maman_Ilham:
Malam Murtala, ku ma fa kuna da naku. Ba gudu ba ne kaɗai, tsayawar farat ɗaya da bin hannun da ba naku ba.

Murtala_ƊanSahu:
Akwai masu yi Hajiya, ban musa ba. Yawanci yara ne da aka ba su mashin ba su san komai ba.

Fatima_BUK:
Injiniya, tambaya. Kyamarorin da muke gani a kan wasu falwayoyi da wajen danja, su ma suna auna gudu? Sannan da hazon hunturu da ɗaukewar wuta, anya abin zai yi aiki a nan?

Injiniya_Hotoro:
Ba kowace kyamara ce ke awo ba. Ta tsaro kallo kawai take yi tana naɗa. Ta danja kuma aikinta kama wanda ya tsallake layi bayan ja ta kama, ko da yake akwai masu haɗa aikin biyu. Wuta ba matsala ba ce sosai, sola da batir sun isa, tunda fitilun titi ma da su suke aiki. Hazo bai cika damun rada ba, leza ce ya fi rage wa nisa. Inda ƙura ke ɓarna shi ne gilashin kyamarar da kuma lambar motar kanta, in ta yi butu-butu ko ta koɗe ba za ta karantu ba. Saboda haka sai an samu masu gogewa da kulawa. Abin da na fi jin tsoro a ƙasar nan ke nan: a kashe kuɗi a kafa, bayan shekara ɗaya ba mai waiwayarta.

Abba_Gwale:
Na ƙaru ƙwarai. Amma har yanzu ina kan bakana. Duk matsalolin da aka lissafo, Legas ma tana da irinsu, kuma ta fara. KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar Kano, tun 2012 take, tana da ma'aikata a kusan kowane shataletale, amma mutum ba zai iya auna gudu da ido ba, kuma ba zai bi mai gudu da ƙafa ba. A fara da wurare kaɗan inda aka fi kaɗe mutane, kamar saukowa daga gadoji da hanyar bayan gari ta gabas.

Sani_Kurna:
Ni kuma na ce a fara da allo da fenti. Kuɗin kyamara ɗaya zai kafa alluna masu yawa. A rubuta 50 ɓaro-ɓaro, a zana wurin tsallakawa, a yi shela a gidajen rediyo wata uku, tunda Kano ba abin da ke shiga kunne kamar rediyo. Bayan nan duk wanda aka kama ba shi da bakin magana.

Direban_Zariya:
Allo ba ya tsayar da kowa Malam Sani. Akwai su a hanyar Zariya, wa ke kallonsu?

Hajiya_Binta_Tarauni:
Ni damuwata kada a mayar da abin hanyar tara kuɗin shiga. In an ba wani kamfani kwangila aka ce rabonsa yana cikin tarar, to burinsa a yi ta laifi ne, ba a daina ba. A bayyana wa jama'a nawa aka tara da inda aka kai shi. In da hali a ce kuɗin gadojin tsallakawa za a yi da shi.

Murtala_ƊanSahu:
Barista, in aka kama mashin da ake biya a hankali, wa zai biya tarar? Sunan mai shi ne a takarda, ni ne a kai.

Barista_Zainab:
Saƙon wanda sunansa ke rajista zai je wa, domin shi na'urar ta sani. A Ingila doka ta tilasta wa mai mota ya faɗi wanda ke tuƙi a lokacin, in ya ƙi shi ma laifi ne. A nan sai mun ga yadda dokar jiha za ta tsara. Kafin nan, ku sa shi a cikin yarjejeniyarku a rubuce, da shaidu.

Fatima_BUK:
Saura ɗaya Injiniya. In mota biyu suna jere, ɗaya na gudu ɗaya ba ta yi, ba za a ɗora wa mara laifi ba? Titunanmu ba wanda ke bin layi.

Injiniya_Hotoro:
Tsofaffin na'urori suna da wannan raunin, shi ya sa akan jefar da hoton da mota biyu suka fito a ciki. Sababbin suna bin kowace mota daban, da nisanta da layin da take kai, su yi wa mai laifin alama a hoton. Duk da haka a wuraren da ake yin abin da kyau sai ma'aikaci ya duba hoton da idonsa kafin a tura tara. A wuri kamar Ƙofar Wambai ko 'Yankura, inda mota da adaidaita da mai kura suke cakuɗe, ba ta da wani amfani, can ba a samun filin gudu ma. Miƙaƙƙun titunan da ke da faɗi, masu gidaje da makarantu a gefe, su ne wurinta, kuma da daddare bayan ƙarfe goma aka fi bukatarta.